Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano: A Ƙirga Bishiyar Rano a Watan Afrilu



Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan ɗaya daga cikin makarantun da ke ƙarƙashinka, wato Makarantar Fasahar Karkara da Koyar da Sana'o'i ta Rano, wadda ɗalibai suka fi sani da SORTED. Ni mutumin Kibiya ne. Koyarwa na yi har na ajiye alli, kuma ba kwangila nake nema ba, ba kuma ɗana nake so a ɗauka ba. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a ne domin ba kai kaɗai ta shafa ba. Akwai rabon hakimai da dagatai a cikinta, akwai na iyayen yara, akwai na ɗaliban kansu.

Buƙatata ɗaya ce. Yanzu kowace babbar makaranta tana son a ce tana kula da muhalli, kuma hakan abu ne mai kyau. Idan kwalejinka za ta shiga wannan sahu da gaske, to a fara daga Rano, kuma a sauya ranar lissafi. Kowa a watan Yuli ko Agusta yake ƙirga bishiya, ranar da aka sa ta a rami. Roƙona shi ne ka ba da umarni a riƙa ƙirgawa a ƙarshen Afrilu, bayan rana ta gama gasa ƙasa, akuya ta gama zagayenta, gara ta ci rabonta. Abin da aka tarar da rai a wannan rana, shi za a rubuta a rahoto, shi za a kawo maka.

Ka san yadda bikin dasa bishiya yake, don ba na shakkar an sha gayyatarka. Na halarci irinsa a wata makaranta da ba zan kama sunanta ba. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an kawo lasifika. Tun da sassafe lebura ya haƙa ramin babban baƙo, ya share gefensa, ya zuba farar ƙasa. Babban baƙo ya iso bayan azahar, ya tattare hannun babbar riga, aka miƙa masa dashen mangwaro a baƙar leda, aka miƙa masa sabuwar butar ban ruwa da ko takardar farashinta ba a ɓare ba. Masu hoto suka ce a sake zuba ruwan, ba su ɗauka da kyau ba. Ya sake. Aka yi tafi, aka raba lemo, aka watse. Sauran dashen, ɗaruruwa, an tara su a inuwar ofis sai gobe. Wasu an dasa su, wasu sun bushe a cikin ledarsu. Da aka dawo daga hutun ƙarshen shekara, bishiya ɗaya ce ke da shinge, ita ce ta babban baƙo, kuma ita kaɗai ta ga damina ta biyu. A takarda kuwa, makarantar ta dasa ɗaruruwa. Wannan daidai yake da a yi shagalin suna a watse, a bar jariri ba mai shayar da shi.

Ba ina raina ƙoƙarin hukuma ba ne. Gwamnatin Jihar Kano ta ƙaddamar da shirin dasa bishiya miliyan uku a 2024. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa tun 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Kano na cikin jihohi 11 da aka sa a gaba. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 ga shirin ACReSAL a ƙarshen 2021, don jihohin Arewa 19 da Abuja. Niyya akwai, kuɗi ma akwai gwargwado. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai raino, da mai komawa ya duba, da mai faɗin gaskiyar abin da ya gani. Wannan kuwa aikin makaranta ne tsantsa, ba na ɗan siyasa ba. Ɗan siyasa shekara huɗu yake gani a gabansa. Makaranta tana nan bayan ni da kai.

Me ya sa Rano? Kwalejinka tana da rassa a cikin birni, tana da Makarantar Nazarin Muhalli a Gwarzo. Rassan birni gini da kwalta sun kewaye su. Gwarzo tana da masana taswira da tsarin gari da za a buƙata. Amma Rano ce ke zaune a tsakiyar abin da ake magana a kai. Ga duwatsu da ke kora ruwa da ƙarfi, ga gonakin tudu, ga fadamu, ga Madatsar Tiga da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Bako tana maƙwabtaka da mu, ga Ruwan Kanya, ga filayen noman rani na Bunkure da Kura da Kadawa, ga Dajin Falgore can kudu. Kuma sunan makarantar ya riga ya ɗora mata nauyi: fasahar karkara. A tsohon labarin Hausa Bakwai, Rano da Kano aka ba sarautar baba, shukar da ake rini da ita. Tun asali da abin da ƙasa ke fitarwa aka san Rano. Ban ga dalilin da zai sa ɗalibi ya yi shekara biyu ko huɗu a wannan gari ya fita bai san yadda ake raya ƙasar ba.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa da itatuwanmu, don daga mota ba a ganinsa. Wanda ya bi hanya daga Kwanar Ɗangora ko daga Bunkure ya shigo ƙasar Rano da damina zai ce ai nan daji ne, ga kore ko'ina. Sai ka sauka ka shiga gona. Tsaya a kowace gona tsakanin Kibiya da Tarai, ko a Saji, ko a Rurum, ka dubi ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da ke tsaye. Duk tsofaffi ne. Kakanni suka bar su. Nemi 'yar shekara biyar ko goma a cikinsu, za ka sha yawo kafin ka samu. Garmar shanu da tarakta suna tumɓuke ƙananan tsiro, wutar sassabe tana ƙone sauran, abin da ya tsira dabbobin rani su cinye. Garin da ke cike da dattawa babu yara, kowa ya san makomarsa ko da yau kasuwarsa na ci.

Tsofaffin ma yanzu gatari ya juyo kansu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta yi tsada, gas ya fi ƙarfin gidaje da yawa, mutanen birni da suka bar gawayi suka koma masa. Buhunan gawayin da ke jere a bakin hanya ba daga sama suka faɗo ba. Ƙirya ce da marke, in an rasa su a faɗa wa kaɗanya, domin itacenta yana da nauyi, gawayinta yana daɗewa a kurfoti. Manomin da ya sayar da kaɗanyar gonarsa ba jahili ba ne. Ya san darajarta fiye da ni. Matarsa ce ba lafiya, ko kuɗin taki ya rasa, mai gatari kuma ya zo da kuɗi a hannu. Duk shirin da ya fara da zagin wannan manomi ya faɗi tun kafin ya tashi. Amma a lura da wanda ke asara: ɗorawa ɗaya in ta faɗi, kalwar da mace ke dafawa ta yi daddawa ta tafi, garin da yara ke sha ya tafi, makubar da ake daɓe da ita ta tafi. Mai gida ya karɓi kuɗin itace sau ɗaya, uwargida ta rasa jarinta na kowace shekara.

To mene ne magani, in ba dashe ba? Maganin yana wurin 'yan uwanmu na Maraɗi, Hausawa irinmu, waɗanda ruwan samansu bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980 ƙasarsu ta zama fili fetal. An yi ta kawo dashe daga gandun raino, mafi yawa suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda shi ma ya gaji da dasa abin da ba ya rayuwa, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sassabewa duk shekara a gonaki ba ciyawa ba ne. Tohon itatuwa ne da aka sare tun tuni, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta yi zurfi, ta san hanyar ruwa. Abin da kawai take nema shi ne a daina aske ta. Manoma suka gwada, da farko da shakka da dariyar maƙwabta, daga baya abin ya bazu daga gona zuwa gona. Suka sa masa suna sassaben zamani. Masu binciken da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba gandun raino, ba tankar ruwa, ba rumfar biki. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da busasshiyar ƙasa ta hanyar haƙa ƙananan ramuka yana zuba taki a ciki, dabarar da mutanen Nijar ke kira tassa.

Aikin kansa ba shi da wuya, kuma ina so in kwatanta shi don a ga cewa ɗalibi zai iya koyonsa da hantsi ɗaya. Ka iske kututturen kalgo ko sabara ko gawo ya fitar da toho goma ko ashirin, duk suna gasar ruwa, ba wanda zai girma. Ka duƙa ka zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa. Ka yanke sauran da lauje ko adda mai kaifi, kana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu. Ka ɗaura musu tsumma mai launi don mai wucewa ya san da mai su. Bayan wata biyu ko uku ka dawo ka sake gyarawa. Abin da ka yanke ka kai gida a hura wuta, ganyen ka bar wa ƙasa. Kafin shekara uku abin ya fi ka tsayi, domin ba jariri ba ne, tsohuwar saiwa ce ke tura shi. Gawo kuwa ba sai na yi wa Bahaushe bayaninsa ba: da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero da dawa rana, da rani ya yi kore ya ba dabba inuwa da 'ya'ya, kuma duk manomi ya san hatsin gindinsa ya fi na ko'ina kauri.

Abin da nake roƙo ke nan a fara yi a harabar makarantar Rano da duk wani fili da take da shi. Kafin a sayi dashe ko ɗaya, a fitar da ɗalibai su zagaya su ƙirga kututturen da ke da rai, su rubuta irinsa, su sa masa lamba. Kowane sabon ɗalibi a ba shi biyar, da sunansa a littafi. Ya raine su har ya gama difloma, ya miƙa wa na bayansa hannu da hannu. A sa wa abin maki a cikin darasin koyon sana'a ko na karatun gama-gari, domin ni tsohon malami ne, na san abin da ba shi da maki ɗalibi ba ya ɗaukarsa da nauyi, ko da an yi masa wa'azi da kuka. Sa'an nan a ɗauki mota guda, a kai malamai da wasu ɗalibai da manoma kaɗan Maraɗi su gani da idonsu. Tafiyar ba ta da nisa, ba a buƙatar tafinta, kuma gani ya kori ji.

Dashe yana da wurinsa, ban ce a daina ba. Inda saiwar ta mutu dole a dasa. Amma a dasa abin da aka rasa. Darbejiya ta yi mana rana, tun da aka shigo da ita Borno a 1928 take ba garuruwan Arewa inuwa, akuya ma ba ta cika damunta ba, shi ya sa kowane shiri yake gudu wurinta. Sai dai ba a miya da ita. Bishiyar turare kuma tana saurin girma, tana ba da azara, amma a tambayi wanda ya dasa ta a bakin fadama yadda ta yi da damshin wurin. Abin da babu mai rainonsa shi ne ɗorawa da kaɗanya da ɗinya da kanya da tsamiya, saboda suna da jinkiri. Kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Ɗan kasuwa ba zai jira ba, mai wa'adin mulki ba zai jira ba. In makaranta ma ta ce ba za ta jira ba, to wa ya rage?

Sai maganar ruwa, domin za a ce da me za a yi ban ruwan rani. Ƙasarmu a kan dutse take zaune. Duk wanda ya taɓa haƙa rijiyar burtsatse a yankin nan ya san sa'a ce: wani ya samu, maƙwabcinsa ya kashe kuɗi ya tashi da ƙura. Amma ruwan sama muna samu fiye da Ɗambatta da Kunci. Lissafin mai sauƙi ne, kowane ɗalibin shekarar farko zai iya shi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Ɗauki ginin azuzuwa mai rufin murabba'in mita 300, ka ce ruwan shekara milimita 800 ne kawai. Lita 240,000 ke nan, jarka 9,600 ta 'yan ga-ruwa, daga gini ɗaya. A yawancin gine-ginen gwamnati a ƙasar nan, wannan ruwa daga kwano yake zubowa ya tona gindin bango, ya haɗu da ɗan uwansa ya yanka hanya, ya zama kwazazzabo a gonar wani. Ƙasar da ya kwasa kuma a ƙarshe cikin rafi da madatsa da magudanan noman rani take kwanciya, a zo ana neman kuɗin yashe su. Indararo da bututu da tankin ƙasa na siminti ba fasahar da ta fi ƙarfin kwalejin fasaha ba ce. Ɗalibai su zana, su auna, su gina da hannunsu. Wanda ya gina ɗaya a makaranta zai iya gina wa masallacin Juma'a ko asibitin sha-ka-tafi a garinsu, a biya shi.

A nan ne nake ganin kula da muhalli da koyar da sana'a suka zama abu ɗaya, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Akwai misalin da ya kamata kowane malamin kwalejin fasaha a Arewa ya sani. Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse. A shekarun 1990 ya ɗauki tukwanen ƙasa biyu, ƙarama a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsotsewa ta jikin tukunyar waje yana tafiya da zafi, cikin ya yi sanyi. Yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Ya ba magina tukwane aiki, ya raba dubbai a ƙauyukan Jigawa, aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ba wutar lantarki, ba kayan waje. Yau ga tumatir da tattasai na ruɓewa a Kadawa da Bunkure duk lokacin da kaka ta yi kyau. Ina magajin Bah Abba a cikin malamanmu da ɗalibanmu?

Dubi ɓuntun shinkafa. Injinan casa a Kura da Bunkure suna tara shi tsibi-tsibi, wani lokaci wuta ake sa masa don a rabu da shi. A babbaka shi a cikin durom, a daka, a kwaɓa da ɗan sitaci, a matse a injin hannu, ya zama curin gawayin da zai yi girki. Injin matsewar maƙerin Rano zai iya ƙera shi in an ba shi zane. Kowane buhu da aka sayar, wani reshen kaɗanya ne ya tsira. Dubi murhu. Duwatsu uku ne har gobe a mafi yawan gidajenmu da wuraren masu abincin sayarwa, mafi yawan zafin yana tafiya a iska, hayaƙin yana shiga ƙirjin mai girki da goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. Murhun laka mai tsimin itace ba sabon abu ba ne, abin da ya rage shi ne a gwada nau'o'insa da tukunyar tuwon gidan mutum goma sha biyar, ba da 'yar tukunyar ɗakin gwaji ba, a ji ta bakin matan da za su yi aiki da shi. A fara da masu dafa abinci a harabar makarantar. In sun karɓa, gari zai karɓa. In sun ƙi, a tambaye su dalili, a koma a gyara. Irin waɗannan su ne ya kamata su zama ayyukan kammala karatu, maimakon kundin da ake ɗaurewa da baƙin bango a jera a kanta ƙura ta rufe.

Leda ba zan daɗe a kanta ba, don kowa ya san ta. Tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa daga tumbin saniya ko tunkiya: dunƙulen leda a murɗe, wani ya kai girman kan mutum, dabbar tana ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a farkon 2024. Kai ba ka da ikon hana leda a Jihar Kano, amma a cikin shingen makarantarka kana da shi. Famfo mai tsabta a wurare biyu ko uku da gora a hannun kowane ɗalibi za su rage ledar fiya wata fiye da kowace lacca. Takin da ke zuwa gonakinmu daga bolar birni ma yanzu cike yake da leda. A koya wa yara tace shi da haɗa takin gargajiya mai kyau, shi ma abin sayarwa ne.

Hasken rana ma haka. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a 2019, abin alfahari ne. Rano ba ta buƙatar irin wannan. Tana buƙatar 'yan faranti a kan rijiya da ɗakin karatu, da ɗaliban da suka iya gyara su. Ƙauyukanmu cike suke da fitilun titi da famfunan sola da suka mutu saboda batir ko wata 'yar waya, ba mai taɓawa sai an jira wani daga Kano. Yaron da ya iya wannan gyara ba zai zauna banza ba.

Na san abin da za a ce: babu kuɗi. Gaskiya ne kuɗin gudanarwa ba ya isa, ban musa ba. Amma ƙirga kututture da gyara toho lauje suke buƙata da littafi. Tankin ruwa da gandun raino su ne masu cin kuɗi, kuma ga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, ga ACReSAL, ga Ma'aikatar Muhalli ta jiha, ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke da ruwa da tsaki a duk abin da ya shafi Tiga. Wanda ya je musu da littafin shekara biyu, ga abin da muka raina, ga abin da ya mutu, ga dalilin mutuwarsa, ya fi wanda ya je da hotunan biki ƙarfin baki. Kuma kada a ji kunyar rubuta abin da ya mutu. Idan aka gano cewa mangwaro ba ya rayuwa a gefen dutse amma tsamiya tana yi, an samu ilimin da zai hana wani ɓarnar kuɗi.

Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne mutane. A Nijar sassaben zamani bai kankama ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai zo ya ci shi tara don ya sare reshe ba. Wanda yake tsoron bishiya za ta jawo masa hukuma, tun tana ƙarama zai kashe ta. Haka nan makiyayi. In aka kewaye fili aka toshe masa hanya ba a yi shawara da shi ba, shingen ba zai kwana ba. In aka zauna da ardo aka ce ga lokacin da za a buɗe a yanki ciyawa, ga 'ya'yan gawo da rani, shi da kansa zai tsare wurin. Waɗannan ba a warware su daga ofis a Kano. Masarautar Rano, kamar yadda aka sake tsara ta a 2024, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, daidai yankin da nake magana a kai. Ka kai wa Mai Martaba Sarkin Rano, Autan Bawo, gaisuwa da wannan magana, a kira hakimai da dagatai da masu unguwanni, a kira sarakunan noma, a sa limamai su tuna wa jama'a ladan wanda ya raini abin da mutum da tsuntsu da dabba za su ci. A kira mata masu daddawa da man kaɗe su ma, kuma a bar su su yi magana, domin sun fi kowa sanin wace bishiya ce ta rage a wace gona. Kowace ƙaramar hukuma a zaɓi ƙauye ɗaya da zai yi aiki da ɗalibai, Durba ko Kahu a Kibiya, Lausu ko Zurgu a Rano, duk wanda mutanensa suka nuna so.

Sauran magana ta lokaci ce, Ranka ya daɗe, don itace ba ya bin kalandar kasafin kuɗi. Sassabe da bazara ake yinsa, kafin ruwan farko, saboda haka duk tohon da ba a sa wa alama ba kafin lokacin ya tafi sai baɗi. Ɗorawa ma da bazara take nuna, a lokacin ake samun kalwar iri. Kaɗanya kuwa da farkon damina take zubowa, kuma ƙwallonta ba ya ajiyuwa: in ya bushe ya mutu, dole a shuka shi yana ɗanye cikin 'yan kwanaki, kuma ya fi son a shuka shi a inda zai zauna saboda doguwar saiwarsa. In takardar amincewa ta fito a watan Satumba, an yi asarar shekara guda cur. Don haka nake roƙon ka gabatar da maganar a zaman majalisar malamai tun cikin hunturu, ka naɗa malami ɗaya a Rano, mai son abin ba wanda aka tilasta wa ba, ka ba shi littafi da izini a rubuce.

Allah ya taimake ka a kan wannan nauyi, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Kibiya, Jihar Kano.